Ƙaurar Ƙananan Kifaye a Kaka: Daga Gaɓar Atlantika Zuwa Fadamar Haɗeja

A 'yan shekarun nan, da zarar watan Satumba ya kama, wayoyin samarinmu sukan cika da bidiyo daga gaɓar tekun Amurka. Ruwa ya yi baƙi ƙirin saboda cunkoson ƙananan kifaye, manya suna tsalle a tsakiyarsu, tsuntsaye suna faɗowa daga sama, mutane kuma suna tsaye ruwa iya gwiwa suna jefa fatsa. A majalisun masunta na Haɗeja da Guri da Kirikasamma, abin da aka fi faɗa bayan an kalla shi ne, can kifi ba ya ƙarewa. Mai wannan magana yana da uzuri, domin abin da idonsa ya gani ke nan, amma maganar ba daidai ba ce. Abin da kyamara ta ɗauka ƙaura ce ta 'yan makonni, wadda take tattaro kifin yanki mai faɗin gaske ta cusa shi cikin siririn ruwan da ke jikin gaɓa. Lokacin da kifi ya fi yawa a ido shi ne lokacin da ya fi sauƙin ƙararwa, kuma masuncin fadamar Haɗeja, wanda ya san abin da ke faruwa idan ruwa ya fara ja da baya da kaka, ya fi kowa cancantar gane haka.

Gaɓar gabashin Amurka, tun daga jihar Maine a arewa har Fulorida a kudu, cike take da mashigun koguna da tafkuna marasa zurfi da fadamun ciyawa, inda ruwan daɗi na kogi yake gauraya da ruwan gishiri na teku. Mafi girmansu shi ne mashigin Chesapeake da ke tsakanin jihohin Maryland da Bajiniya. A irin waɗannan wurare ne kifin teku yake reno, saboda ruwansu yana ɗumi da wuri, kogi yana kawo musu taki daga tudu, ciyawa kuma tana ba 'ya'yan kifi maɓoya. Kamun kifin da ake yi a nan, daga kan yashi ko duwatsun bakin ruwa ko cikin ƙaramin kwale-kwale, ya sha bamban da na manyan jiragen da ke kwashe makonni a tsakiyar teku. Yawancin masu fatsar ma ba sana'arsu ba ce, nishaɗi ne da neman na miya, sai dai yawansu ya kai miliyoyi, kuma kuɗin da suke kashewa a kaka ne ke riƙe da wasu garuruwan bakin teku bayan 'yan yawon buɗe ido sun watse.

Kifaye biyu ne ginshiƙin wannan ƙaura. Na farko shi ne menhadin, kifi mai yawan mai da ƙaya wanda mutanen can ba sa cinsa, ɗan uwa ne ga bonga da ake bandarsa a gaɓar Najeriya. Ba ya farauta, yana iyo ne baki buɗe yana tace ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya iya gani. Manyansa suna zuba ƙwai a cikin teku, ruwa ya kwaso 'ya'yan ya shigar da su mashigun koguna, su yi watannin zafi a can suna girma, idan kaka ta yi su fito ayari-ayari, tsawon kowanne bai wuce tafin hannu ba. Manyan da suka haura arewa lokacin zafi su ma sukan juyo kudu, su nufi ruwan Karolina ta Arewa. Na biyu shi ne mulet, wani kifin gaɓa da ke tafiya gungu-gungu. Ƙananansa suna bin jikin gaɓa daga jihohin Karolina zuwa Fulorida a Satumba da Oktoba, manyan kuma, cikinsu cike da ƙwai, suna barin tafkuna su fita teku mai zurfi don haihuwa.

Abin da ke tayar da su ba ɗaya ba ne. Kifi ba ya riƙe zafin jikinsa yadda ɗan Adam ke riƙewa, jikinsa yana bin ruwan da yake ciki ne. Ruwa marar zurfi yana saurin ɗumi, yana kuma saurin hucewa, don haka tafkin da ya reni kifi a watan Yuli zai iya kashe shi da sanyi a Janairu, alhali teku mai zurfi tana riƙe ɗuminta har cikin hunturu. Gajartar yini ce take fara shirya jikin kifi, amma abin da ke sa shi tashi shi ne iskar arewa mai sanyi idan ta yi kwana biyu ko uku tana kaɗawa a jere. Zafin ruwan tafki sai ya sauka, kifin da ya yi watanni a warwatse ya dunƙule ya nufi ƙofar teku a lokaci guda. Shi ya sa gogaggun masuntan can suka fi kula da iska da ma'aunin zafin ruwa a kan kalanda, domin wata shekarar ƙaurar takan zo da wuri, wata kuma ta makara. Dunƙulewar nan ita ce garkuwar ƙaramin kifi, saboda mai farauta yana ruɗewa idan dubban jikuna suka juya gaba ɗaya, kuma kowane ɗaya yana da damar tsira a cikin taro fiye da idan yana shi kaɗai. Sai dai garkuwar da ke aiki a gaban kifi mai farauta ita ce ke jawo halaka a gaban taru.

A bayan ayarin akwai masu binsa. A arewa, daga Massachusetts zuwa New York da New Jersey, wanda aka fi nema shi ne bas mai ratsi, kifin da ke haihuwa a ruwan daɗi na kogunan Chesapeake da Hudson da Delaware, ya haura arewa lokacin zafi, ya juyo kudu da kaka yana ci ba ƙaƙƙautawa don tara kitsen hunturu. Tare da shi akwai bulufish mai kaifin haƙori, wanda ke datse kifi biyu ya bar rabi yana nutsewa. A Fulorida kuwa manyan kifaye masu farauta irin su tafon da sunuk da kifin shak ne ke bin mulet. Garin Montauk da ke ƙarshen tsibirin Long Island ya yi suna saboda a nan hanyoyin ƙaura suke haɗuwa su kewaya tsinin ƙasa, kuma a shekarun baya-bayan nan har manyan dabbobin wel ana ganinsu kusa da birnin New York suna haɗiyar menhadin.

Masuncin kogi yana lissafi da damina da rani, amma na gaɓar teku yana da ƙarin wani lissafi na kowace rana. A mafi yawan wannan gaɓa, teku tana tumbatsa ta janye sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida, saboda jan da wata da rana ke yi wa ruwa, kuma abin ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Idan teku ta fara janyewa, ruwan tafki gaba ɗaya yakan matsu ya fita ta siririyar mashiga da gudu, ya kwaso ƙananan kifaye waɗanda ba su da ƙarfin yin iyo a kan wannan gudu. Babban kifi ba ya wahalar da kansa. Yana laɓewa a bayan dutse ko ginshiƙin gada ko gefen rami, inda ruwa ya lafa, ya jira abinci ya zo masa. Mai fatsar da ya san aikinsa yana duba jadawalin cika da janyewa tun kafin ya bar gida, ya nemi ranar da janyewa ta dace da asuba ko faɗuwar rana, lokacin da ƙarancin haske ke ba mai farauta galaba.

Tsuntsaye ne 'yan rahotonsa. Idan kwasakwasa da sauran tsuntsayen teku suna shawagi sama, suna nema ne, idan kuma suka taru wuri ɗaya suna faɗawa ruwa, to manyan kifaye sun koro ƙanana zuwa sama. Daga nan sai batun koto. Kifin da ya yi mako yana cin abu mai tsawon yatsa ba ya kula abin da ya ninka haka, don haka ko dai a jefa birgi a kamo irin kifin da ke tafiya a sa shi a ƙugiya da ransa, ko a zaɓi kifin roba ko na ƙarfe da ya yi daidai da girmansa. Akwai wata dabara da na ga ta fi sauran nuna zurfin sani. Sabon shiga yana jefa fatsa tsakiyar cunkoso, inda kotonsa ɗaya ne cikin dubbai, shi kuwa gwani yana jefawa gefen gungu ko ya bar koto ya nutse ƙarƙashinsa, saboda mafi girman kifi ba ya shiga turmutsutsu, a ƙasa yake tsayawa yana tsintar waɗanda aka raunata.

Duk wannan sani yana da wata illa da ba a cika faɗa ba. Masunci yana auna yawan kifi da abin da ya kama a yini, kuma wannan ma'auni yana aiki ga kifin da ke zaune a warwatse, domin idan ya ragu kamu ma zai ragu. Kifin gungu ba haka yake ba. Idan yawansa ya ragu da rabi, gungun ba ya sirancewa, adadin gungun ne ke raguwa, waɗanda suka saura su haɗe da juna su bi hanyar da suka saba bi. Wanda ya san mashiga da lokaci zai ci gaba da cika kwale-kwale har ya kai ga gungu na ƙarshe. Mutumin da ya ƙirga shanu a mashaya ɗaya da ta rage a tsakiyar rani zai iya rantsewa shanun ƙasar sun ƙaru, alhali sauran mashayun ne suka ƙafe. Ƙasar Peru ta ɗanɗana wannan. A 1970 ta kama sama da tan miliyan 12 na ɗan ƙaramin kifin ancobi, kamun da babu irinsa a duniya a lokacin. A 1972 El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke zuwa bayan 'yan shekaru, ya matse kifin cikin 'yan wuraren sanyi da suka rage kusa da gaɓa, jirage suka ci gaba da samun kamu mai kyau na ɗan lokaci, sannan abin ya rushe, masana'antu suka rufe, tsuntsayen tekun da ke rayuwa a kansa suka mutu da yawa, aka ɗauki shekaru masu yawa kafin kifin ya dawo.

Amurkawa su ma ba labari suka ji ba. A ƙarshen shekarun 1970 bas mai ratsi ya ragu ƙwarai, har majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 1984 wadda ta tilasta wa jihohin gaɓa bin tsari guda na hukumar haɗin gwiwarsu ta kamun kifi. Jihar Maryland ta haramta kama shi gaba ɗaya daga 1985, ba ta sake buɗewa ba sai 1990, kuma a 1995 aka bayyana cewa ya farfaɗo. Farfaɗowar ba ta zama ta dindindin ba, domin binciken da aka fitar a 2019 ya nuna an sake cinye shi fiye da ƙima. Tun 2023, mai fatsa a teku kifi ɗaya aka yarje masa a rana, tsawonsa tsakanin inci 28 da 31, wanda ya gaza haka ko ya wuce sai a mayar da shi ruwa. Hikimar sakin manya ita ce, kusan duk manyan mata ne, kuma babbar mace ɗaya tana zuba miliyoyin ƙwai. Ko sakin ma ba kyauta ba ne, domin lissafin da hukumar ke aiki da shi ya nuna tara cikin kowane ɗari da aka saki suna mutuwa, abin da ya sa aka wajabta ƙugiya mai lanƙwasasshen baki wadda ke kama gefen leɓe maimakon cikin kifi.

Rigimar da ta fi zafi kuwa a kan menhadin take, kifin da ba wanda ke ci. Shi ne kifin da aka fi kamawa a gaɓar Atlantika ta Amurka idan nauyi ake aunawa. Ƙananan jiragen sama suna hango gungu daga sama, jiragen ruwa su kewaye shi da katafaren taru mai tsukewa ta ƙasa, a kai shi masana'antar da ke garin Reedville a Bajiniya, a dafa, a matse mai, a niƙa sauran ya zama garin abincin dabbobi da kifin kiwo. Sai a 2012 aka fara sa wa wannan kamu iyaka a faɗin gaɓar, daga baya aka rage abin da masana'anta za ta iya ɗiba a cikin Chesapeake zuwa tan 51,000 a shekara. Masu fatsa da masu kula da tsuntsaye suna cewa ana yashe abincin bas da shahon ruwa, masana'anta da ma'aikatanta suna cewa ƙididdiga ba ta nuna kifin ya ƙare ba, kuma ɗaruruwan iyalai ne ke ci daga wannan aiki. A ganina matakin da ya fi muhimmanci shi ne wanda hukumar ta ɗauka a 2020, lokacin da ta sauya tambayar kanta. A da ana tambaya ne nawa za a iya kamawa ba tare da menhadin ya kasa maye kansa ba. Yanzu ana tambaya nawa ya wajaba a bari a ruwa domin masu cinsa su rayu. Fulorida ta bi wata hanya mai tsauri tun kafin nan, inda a 1994 masu zaɓe suka amince da haramta kalli a ruwan jihar, bayan kasuwar ƙwan mulet a Asiya ta sa ana tare mata masu ciki a ƙofar teku.

Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da irin wancan sanyin kaka, amma tana da tata ƙaurar. Abin da ke motsa ta shi ne tasowar ruwa mai sanyi da taki daga ƙarƙashin teku, wanda a Ghana yake ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba ya jawo ƙaramin kifin sardinela kusa da gaɓa. Tsakanin Senegal da Muritaniya ma wannan kifi yana kai da komo bisa yanayin shekara, kuma masana na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna gargaɗin cewa ana kama shi fiye da ƙima. Masana'antun garin kifi sun yawaita a Nuwadibu ta Muritaniya da wasu ƙauyukan gaɓar Gambiya da Senegal, kuma ana niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Bambancin nan da Amurka babba ne, kuma shi ne ke damuna. Menhadin ba abincin mutane ba ne, amma sardinela da bonga su ne naman talaka, su matan gaɓa ke banda, dangin kifin ƙanƙara ne da uwar gida a Ringim ko Wudil take saya idan nama ya fi ƙarfin aljihu. Ghana ta fara gwada hana kamun kifi na wata guda ga masu kwale-kwale a 2019, Najeriya kuma tana da dokar da ta hana manyan jirage masu jan taru shiga mil biyar na farko daga gaɓa, duk da cewa ƙananan masunta suna yawan kukan ana keta ta.

A gida, ƙaurar tamu ruwan damina ne ke tafiyar da ita. Idan kogin Haɗeja da na Jama'are suka cika suka malale fadama a Agusta da Satumba, tarwaɗa da karfasa da kawara da ƙurungu suna bin ruwa su bazu cikin ciyawa, su haihu, 'ya'yan su yi girma cikin yalwa. Daga Oktoba ruwa ya fara ja da baya, duk abin da fadama ta rena dole ya koma kogi ta 'yan mashigai ƙalilan, tsage da giwan ruwa suna jira a bakinsu. A daidai nan ake kafa dumba, jerin tarkunan kifi da ake kira mali daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma idan idon ragar ya yi ƙanƙanta, ko aka kai ga amfani da gidan sauro, kifin bana da na baɗi duk a kwando ɗaya suke tafiya. Kasuwar kifi ta Haɗeja takan cika a waɗannan makonni, farashi ya faɗi, mai kallo ya ɗauka albarka ce ta ƙaru. Ga shi kuma fadamar ba ta kai yadda take a da ba, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da ita ta sauya, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har da mashigin Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru.

Ba zai yiwu a kwafo dokar kifi ɗaya a rana a ɗora wa masuncin Guri ba. Ba'amurke yana sakin kifi ne ya koma gida ya tarar da albashi, namu kuwa abin da ke cikin gora shi ne tuwon dare da kuɗin makarantar yara. Abin da zai yiwu ya fi haka sauƙi, kuma ba baƙo ba ne a al'adarmu, domin sarkin ruwa da bulama sun daɗe suna rufe wasu tafkuna har zuwa ranar su na gayya, a Argungu ma ana hana kamu a Matan Fada har sai lokacin biki. Ana iya barin tsakiyar mashiga a buɗe maimakon datse ta gaba ɗaya, a tsayar da idon raga wanda zai bar ɗan kifi ya wuce, a kuma ɗaga ƙafa a makonnin farko na janyewar ruwa, waɗanda suka zo daidai da yankan shinkafa, lokacin da yawancin masuntan fadama suke da aiki a gona. Wahalar tana wajen haɗa kai, domin ƙauyen da ya bar kifi ya wuce yana tsoron na gaba ne zai kwashe. Irin wannan tsoro ne ya hana jihohin Amurka yin abin kirki har sai da dokar 1984 ta ɗaure su wuri guda. Ruwan da ya tashi daga Tiga yana ratsa Kano da Jigawa da Yobe kafin ya kai Borno, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da ƙofofin madatsun, kuma tun 2006 jihohin wannan kwari suna da asusun haɗin gwiwa kan rabon ruwa. A wannan teburin ya kamata a ajiye batun lokacin sakin ruwa da girman idon raga da ranar kafa dumba, tare da wakilan masunta na sama da na ƙasan kogi.